Zango a Kazablanka: abin da matafiyi zai yi da awa goma sha biyu tsakanin jirgi da jirgi

A zamanin da ayarin raƙuma ke tashi daga Damagaram ya bi ta Agadas da Gat da Gadamus har Tarabulus, tafiyar takan ci watanni, kuma babu bafataken da ke ɗaukar zango a matsayin asarar lokaci. In madugu ya ce a sauke, akan kwance kaya a shayar da dabbobi, sa'an nan fatake su shiga gari su zaga kasuwa, su ji farashin gishiri da na turmin alawayyo, su gaida malaman wurin, su ƙulla amana da fatoma. Rabin arzikin fatauci a zango ake samunsa, domin a can ne labari yake. Jikokin waɗannan mutane a yau suna ƙetare hamadar nan baki ɗaya cikin awa uku da ƴan mintoci, daga Yamai zuwa Kazablanka ta ƙasar Maroko, sai kuma su zauna bisa kujerar ƙarfe wuni guda cur suna jiran wani jirgin, suna hamma, alhali birni mafi girma a Maroko, mai mutane fiye da miliyan 3, yana nan kilomita 30 kacal daga inda suke gyangyaɗi.

Yadda aka yi Kazablanka ta zama zangon ƴan Nijar ba ɓoyayyen abu ba ne. Kamfanin Air Afrique, wanda ƙasashen Afirka goma sha ɗaya suka kafa a 1961, Nijar na cikinsu, ya durƙushe a 2002. A shekarar 2023 kuma, bayan juyin mulkin watan Yuli, Air France ta dakatar da zuwa Yamai. Mai son zuwa Turai ko Amurka ko Gabas sai ya nemi wata mahaɗar, wato Kazablanka ko Istambul ko Adis Ababa ko Alje. Tsarin irin waɗannan mahaɗu kuwa ɗaya ne: kamfani yakan tattaro fasinjoji daga garuruwa da yawa zuwa gidansa, sa'an nan ya rarraba su. Jiragen Royal Air Maroc da ke fitowa daga Afirka ta Yamma galibi cikin dare suke tasowa su sauka da safe, masu komawa kudu kuwa da dare suke tashi. Saboda haka wanda ya fito daga Turai da hantsi zai koma gida, ko wanda jirginsa na gaba sai yamma, ba shi da makawa sai jira. Awa takwas, awa goma, wani lokacin goma sha huɗu.

Duk wanda ya taɓa ratsa zauren jira na filin jirgin Muhammadu na Biyar ya san yadda abin yake. Ga Alhaji ɗan Maraɗi ya tasa jakarsa gaba ya rungume, ba ya ko zuwa makewayi sai ya ja ta. Ga hajiya ta shimfiɗa zane a kusurwa ta miƙe ƙafa. Ga kuma ma'aikacin gwamnati da aka tura taro ko ƙaro ilimi, ya kwance laƙaƙƙen wuyansa, yana lissafin kuɗin mishon da aka ba shi a zuci, ya ƙudurta ba zai taɓa ko dala ba sai ya koma gida ya biya bashin mai shago da kuɗin lakwal na yara. Babu mai ganin laifinsa, kowa ya san yadda albashi yake. Sai dai lissafin nasa da gyara, domin kofi biyu da burodi da gorar ruwa a cikin filin jirgi sun kusa cin kuɗin da zai kai shi cikin gari da jirgin ƙasa ya komo da shi. A ƙarshe dai ya kashe kuɗin, bai kuma ga komi ba sai bango da allon lokutan tashi.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, fasfon Nijar yana da wata daraja a nan wadda ba ya da ita a yawancin filayen jirgin duniya. Nijar na cikin ƙasashen da Maroko ta daɗe da ɗauke wa biza a gajeriyar ziyara. Ɗan Nijeriya da ke zaune kusa da shi bisa kujera ɗaya, wanda wataƙila Hausa ɗaya suke yi, dangi ɗaya ne ma a Katsina da Maraɗi, shi sai da biza zai leƙa waje. Amma wannan sauƙi ba gadon gida ba ne, kyauta ce ta hukuma, kuma hukuma takan sake shawara. A 2018 Maroko ta wajabta wa ƴan Mali da Gine da Kwango neman izini ta intanet kafin su taso, kuma lokacin gasar cin kofin ƙwallon ƙafa ta Afirka da ta karɓi baƙuncinta a ƙarshen 2025 ta faɗaɗa wannan sharaɗi na ɗan lokaci har ya shafi ƴan Nijar. Don haka mai niyyar fita sai ya tambayi ofishin jakadancin Maroko a Yamai ko ofishin kamfanin jirgin tun kafin ya ɗaure kaya. Matambayi ba ya ɓata. Ya kuma sani ɗan sandan da ke duba fasfo yana da ikon tambayarsa inda ya nufa da abin da ya kawo shi. Amsar da ta fi kowace ƙarfi ita ce tikitin jirgin gaba a hannu, da takardar mishon ga ma'aikaci.

Kafin komi sai lissafin lokaci, domin a nan ne asara take kwance. A ɗauka mutum yana da awa goma sha biyu tsakanin sauka da tashi. Fitowa daga jirgi da layin ƴan sanda da canjin kuɗi za su iya cin awa ɗaya da rabi, musamman da safe lokacin da jirage da yawa ke sauka a jere. Jiran jirgin ƙasa da tafiyar kanta, a ba su awa ɗaya da rabi. Komowa ma haka. Sa'an nan wajibi ne ya kasance cikin filin jirgi awa uku kafin tashi, domin zai sake bin layin bincike da na fasfo daga farko kamar wanda bai taɓa shiga ba. In an cire waɗannan duka, abin da ya rage bai wuce awa huɗu da rabi ba zuwa biyar. Wannan shi ne ainihin jarinsa. Wanda ke da awa takwas zai iya ganin abu guda ya komo a gurguje. Wanda ke da ƙasa da haka, da muguwar rawa gara ƙin tashi; ya nemi masallacin filin jirgi ya yi sallarsa ya huta.

Dalilin wannan tsanani shi ne, jirgin sama ba motar tasha ba ce da kamasho zai ce a dakata Alhaji na tafe. Wanda ya makara da laifin kansa, kamfani ba ya bin sa bashin komi. Abin da ya fi muni, a ƙa'idar yawancin kamfanoni, in fasinja bai hau wani sashe na tafiyarsa ba, sauran sassan tikitin duka sukan faɗi, har da na komowa gida. Ke nan yawon awa biyu na iya jawo sayen sabon tikiti na ɗaruruwan jikkuna, ga kuɗin otel, ga kuma jakunkuna da za a sauke daga jirgi a shiga nemansu. Ga ɗan kasuwar da ke da alkawari da mai masaƙa, ko ma'aikacin da zai gabatar da jawabin ƙasarsa a buɗe taro, asarar ta wuce ta kuɗi.

Batun kaya kuwa tun a Yamai ake gama shi. In tikiti ɗaya ne, sai a tabbata an rubuta wa manyan jakunkuna garin ƙarshe, a kuma adana ƴan takardun da ake mannawa a bayan tikiti. Abin da zai shiga gari da mutum ƙaramar jaka ce kawai. Yana da kyau kuma a tambayi teburin kamfani ko jiran ya kai a ba da masauki da abinci, domin kamfanoni da dama suna yin haka bisa sharuɗɗa, amma ba safai suke bin fasinja suna roƙonsa ya karɓa ba. Sai wani gargaɗi da bai kamata a gaji da maimaita shi ba: kada kunya ko zumunci su sa mutum ya karɓi ƙunshin wani, ko a zauren jira ko a cikin gari, da sunan saƙo ne za a miƙa wa ɗan'uwa a can gaba. Abin da aka samu cikin jakar mutum nasa ne a gaban alƙali, ko da ya rantse da abin da zai kashe shi.

Sefa ba ta da kasuwa a Maroko. Tun watan Agusta na 1993, ƴan watanni kafin karya darajarta a Janairun 1994, babban bankin Afirka ta Yamma ya daina fansar takardun sefa da aka fitar waje da yankinta, shi ya sa masu canji a ƙetare ba sa marmarinta. Yuro ko dalar Amurka ake riƙewa. Yuro ɗaya dai sefa 655,957 ne ba ya motsi, dirhamin Maroko ɗaya kuwa yana kai-komo wajen sefa 60, wato dala goma sha biyu a lissafin kasuwa. Dirhami 100 ke nan kusan jikka shida. A canza kaɗan daidai buƙatar wuni, a riƙe rasit, domin dirhami ba kuɗin fita da shi waje ba ne, kuma wanda ya komo da shi Maraɗi sai dai ya ba yara su yi wasa. Ɗan kasuwar da ke ɗauke da jari mai nauyi ya sani cewa abin da ya kai darajar dirhami 100.000 sai an bayyana wa ƴan duwan. Irin wannan mutum ma gara ya yi tunani sau biyu kafin ya shiga cunkoson kasuwa da dukiyar mutane a ɗamara.

Tashar jirgin ƙasa tana ƙarƙashin ginin filin jirgin, ba sai an fita rana ba. Filin kansa Amurkawa ne suka fara gina shi a 1943 lokacin yaƙin duniya na biyu, a wani ƙauye mai suna Nuwasar, kuma a 1963 ne sojojin samansu suka bar wurin baki ɗaya. Jirgin ƙasa yakan ratsa gonaki da unguwannin masana'antu ya kai babbar tashar Kaza-Boyajar cikin kamar rabin awa, ya ƙarasa Kaza-For, bakin tashar jiragen ruwa, bayan ƴan mintoci. Abu na farko da mai hankali zai yi da ya sauka shi ne ya rubuta lokutan jiragen komawa a takarda ya sa aljihu. Ma'aikacin da ya zauna cikin wannan tarago yana kallon waje ta taga, da wuya ya kasa tuna layin dogon Yamai zuwa Doso, kilomita wajen 140 da aka shimfiɗa tsakanin 2014 da 2016 aka yi bukin buɗewa da kaɗe-kaɗe, har yau bai kai buhun albasa ko ɗaya kasuwa ba. Maroko kuwa a 2018 ta buɗe layin jirgi mai gudun tsiya, na farko a Afirka, daga Tanja zuwa Kazablanka. Bambancin bai tsaya ga kuɗi ba. Akwai batun riƙon abin da aka gina.

Sunan garin na asali Anfa. Turawan Fotugal sun rushe shi a 1468, ya daɗe yana kango, sai Sarki Sidi Muhammadu ɗan Abdullahi ya sake gina shi bayan girgizar ƙasa ta 1755, aka riƙa kiransa Darul Baida'u, wato Farin Gida, abin da Kazablanka ke nufi ke nan da harshen Sifaniyawa. A farkon ƙarni na 20 ƙaramin gari ne. A 1907 jiragen yaƙin Faransa suka yi masa ruwan wuta, a 1912 ƙasar ta shiga hannun Faransa, gwamnan mulkin mallaka Liyote kuma ya zaɓi wannan wuri ya haƙa babbar tashar jiragen ruwa. Daga tashar nan birnin ya tsiro. Don haka wanda ke neman tsohon tarihi irin na Fas ko Marakish ba zai same shi a nan ba. Kazablanka garin neman kuɗi ne, mai hayaniya da hayaƙin mota, kuma ɗan kasuwa zai gane ta nan take.

In abu guda kaɗai lokaci zai bari a gani, to Masallacin Hasan na Biyu ne. Daga Kaza-For tafiyar ƴan mintoci ce a ƙaramar taksi. An fara gininsa a 1986 aka buɗe shi a watan Agusta na 1993, wani Bafaranshe mai suna Mishel Panso ya zana shi, dubban magina da masassaƙa da masu zanen ƙasar suka ƙawata shi da itacen al'ul da marmara da ƙananan fale-falen da ake jerawa da hannu ɗaya bayan ɗaya. Wani sashe nasa bisa tekun Atlantika yake zaune, igiyar ruwa na dukan gindinsa dare da rana. Cikinsa na ɗaukar masallata 25.000, farfajiyarsa kuma 80.000, rufinsa yana buɗewa a ga sararin sama. Hasumiyarsa ta kai kimanin mita 200. Wanda ya san ta Agadas, mai mita 27, sai ya jera bakwai irinta bisa juna kafin ya kusa kai ƙololuwa. Ita ce mafi tsawo a duniya har zuwa lokacin da Aljeriya ta gama nata masallacin a 2019, wanda hasumiyarsa ta kai mita 265, don maƙwabtan nan biyu ko a ginin ɗakin Allah ba sa barin gasa. Wurin alwala yana ƙarƙashin ƙasa, da maɓuɓɓugai na marmara jere, shi kaɗai ma abin kallo ne.

Ba a rasa abin cewa game da kuɗin da aka kashe. Da gudummawar jama'a aka yi yawancin aikin, kuma an ji koke-koke a lokacin cewa ba kowa ne ya bayar da son ransa ba, musamman ma'aikata da ƙananan ƴan kasuwa da hukuma ta bi har gida da rasit. Ma'aikacin Nijar da ya san zafin a yanki albashinsa da sunan taimakon ƙasa zai fahimci wannan kuka ba sai an fassara masa ba. Duk da haka, wanda ya tsaya a farfajiyar nan yana duban ruwan da ba a ganin ƙarshensa, musamman mutumin da ya tashi a ƙasar da ba ta taɓa teku ba, zai yarda cewa gani ya kori ji. Musulmi yana shiga kyauta a lokutan salla. A sauran lokuta akwai zagayen masu yawon buɗe ido da ake biya. Ya kamata a daidaita zuwa da azahar.

A sahun sallar nan ne baƙo daga ƙasar Hausa zai ji kamar bai bar gida ba. Mazhabar Malikiyya ce, ƙira'ar kuma ta Warshu ce, irin wadda almajirai ke rerawa a tsangayun Damagaram da Tasawa. Rubutun Alƙur'aninsu ma ɗan'uwan wanda ake yi a allo ne, fa da ɗigo a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama. Matafiyi kuwa yana da sauƙin ƙasaru, tunda tafiyarsa ta wuce iyakar da malamai suka gindaya kuma bai yi niyyar zaman kwana huɗu ba.

Daga masallaci hanya ta rabu biyu, kowa da abin da ya dame shi. Mai sha'awar littafi da kayan tsaraba sai unguwar Habus, wadda Faransawa suka fara ginawa wajen 1917 bisa fasalin tsofaffin garuruwan ƙasar, kusa da fadar sarki. A can shagunan littattafai suke jere ƙarƙashin bakuna, kuma wanda ya yi zaman zaure gaban malam zai tarar da tsofaffin abokai: Ajurumiyya, wadda mawallafinta mutumin Fas ne, da Dala'ilul Hairati na Shaihu Jazuli wanda kabarinsa ke Marakish, da Risala da Muhtasar cikin bugu mai kyau. Akwai kasuwar zaitun, akwai jallabiya da takalman fata masu tsini. A kan fatar nan akwai abin da ya kamata ɗan Maraɗi ya sani. Shekaru aru-aru Turawa suna kiran wata lallausar jar fata da sunan Maroko, suna rufe littattafansu masu daraja da ita, alhali kaso mai yawa nata fatar jar akuyar ƙasar Hausa ce, ta Sakkwato da Maraɗi, wadda majema suka jeme, fatake suka ƙetara hamada da ita, aka sayar a tashoshin arewa. Wahalar ta kudu ce, sunan ya tafi ga wanda ya miƙa wa mai saye. Har yanzu kuwa ɗanyar fata ake fitarwa daga Nijar da arha, a komo da ita jaka da takalmi da tsada.

Ɗan kasuwa na gaske kuwa Darb Umar zai nufa, unguwar ƴan sari da ke tsakiyar gari, inda yadi da barguna da kayan gida da shayi ke tashi dila-dila. Shawarar da ta dace a nan ita ce kada a sayi kaya. Awa biyu ba sa isa a san ɗan kirki da macuci, kuma nauyin da jirgi ya yarda da shi an riga an cika shi tun Yamai. Abin da ya hau kai, kuɗin kilo zai cinye ribarsa. Aikin wannan zagaye shi ne na idanu da kunne, kamar na fataken da: a taɓa yadi, a tambayi farashin guda da na dila, a karɓi katin mai shago, a ji yadda suke aika kaya zuwa Dakar ko Bamako, a rubuta. Wanda ya yi haka sau biyu ko uku a zango daban-daban, ran da zai zo sari na gaske ba baƙo ba ne. Zuwa da kai ya fi aike. Hulɗar kuɗi ma ba ta da nisa kamar yadda ake zato, domin bankuna da dama da ke aiki a Yamai da Maraɗi, irin su Bank of Africa da Banque Atlantique, iyayen gidansu a wannan birni suke zaune. A gefen tsohon gari kuma, wajen ƙofar da ake kira Bab Marakish, akwai ƴar kasuwar da aka fi sani da ta Sanagalawa, inda baƙaƙen fata na yamma ke sayar da abinci da kayan gida. Mai marmarin shinkafa da kifi ko mai neman wanda zai yi masa bayanin gari ba tare da ƙari ba, can zai same su.

Ma'aikaci mai bin al'amuran siyasa yana da nasa abin tunawa. A unguwar Anfa ne Rusbelt da Cocil suka yi taronsu a Janairun 1943, Dagol ma ya halarta. A wannan gari ne kuma, a Janairun 1961, Sarki Muhammadu na Biyar ya tara Nkuruma da Seku Ture da Modibo Keita da Nasar, aka kafa rukunin da ake kira na Kazablanka, masu son haɗin kan Afirka da gaggawa. Nijar ta Diori Hamani ba ta cikinsu, tana ɓangaren masu bi sannu, na Barazabil da Monrobiya, sai a 1963 ɓangarorin biyu suka haɗu a Adis Ababa. Maroko ta fice daga ƙungiyar a 1984 saboda rikicin Yammacin Sahara, ta komo a 2017. A watan Nuwamba na 2023 kuma Sarki Muhammadu na Shida ya yi wa ƙasashen Sahel marasa teku tayin hanya zuwa Atlantika ta ƙasarsa. Wanda ya sha wahalar rufe iyakar Benin a wannan shekarar, kayansa suka yi watanni a Kwatano ko suka zagaya ta Lome da Burkina, dole kunnensa ya tashi da jin haka. Sai dai ya buɗe taswira ya auna nisan da ke tsakanin Maraɗi da gaɓar Maroko, ya ƙidaya iyakoki da hamadar da ke tsakani, kafin ya fara lissafin riba. Tsayuwar minti goma a bakin Kaza-For, ana kallon ƙugiyoyi na sauke kwantena, ta isa ta nuna masa abin da ake nufi da ƙasa ta mallaki tasharta.

Akwai jarabawa guda da ta fi kama ƴan'uwa Tijjanawa, ita ce ta cewa tunda an zo Maroko, bari a leƙa Fas a ziyarci Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a can a 1815. Niyya ce mai kyau, amma ba ta zango ba ce. Fas tana da nisan kusan kilomita 300, jirgin ƙasa yakan ci kusan awa huɗu zuwa, huɗu komowa, ban da shiga lungunan tsohon garin da ko ɗan gari yakan ɓata a ciki. Mai wannan buri ya nemi a tsara masa tikiti da kwana biyu ko uku a tsakani, ya yi ziyararsa a natse. Ko Rabat, babban birnin ƙasar, da ke da tafiyar awa ɗaya, sai mai awa goma sha huɗu ko fiye ya kamata ya yi tunaninta.

Garin kuma yana da ƙayoyinsa. Ƙananan taksi jajaye ne, mutum uku suke ɗauka, suna da na'urar ƙidayar kuɗi, kuma direban da ya ga baƙo yakan manta da kunna ta. A tuna masa cikin ladabi tun kafin mota ta motsa, in ya ƙi a sauka. Wanda ya tare mutum a hanya da fara'a mai yawa yana cewa zai kai shi shagon ƙanensa, la'adarsa na cikin farashin da za a faɗa. Wayar hannu ba a riƙe ta sakaka a bakin titi, saboda masu fizge bisa babur. Sai kuma abin da ba a cika son faɗa ba: Maroko hanya ce ta masu neman ƙetarawa Turai, saboda haka baƙar fata yakan gamu da tambayar ƴan sanda, wani lokacin ma da kalmar raini daga bakin yaran unguwa. Fasfo mai hatimin shiga na ranar da tikitin jirgi su ne maganin na farko, shi ya sa ba a barinsu ko'ina sai a jiki. Na biyun kuwa ba shi da magani sai a wuce. Yawancin mutanen gari, in aka yi masu sallama aka ce daga Nijar ake, da mutunci suke amsawa, Faransanci kuma yana biyan buƙata ko'ina a tsakiyar birni.

Abinci ba shi da wuya. A babbar kasuwar tsakiyar gari ana sayen kifi ɗanye a miƙa wa masu gashi a gefe su gasa nan take. Ran Juma'a kuskus ne a kusan kowane gidan abinci, sai dai a tuna shaguna da yawa sukan rufe daga azahar zuwa la'asar a wannan rana. Shayinsu na na'ana'a ne mai sukari, bai kai na Buzaye ɗaci ba. Daga Nuwamba zuwa Maris sanyin wurin mai laima ne, da ruwan sama da iskar teku, ba irin hunturun gida mai bushewa ba. Wanda ya fito da ƴar shara kaɗai zai gane kurensa.

Saura batun agogo. Dokar da Maroko ta kafa a 2018 ta daidaita lokacinta da na Nijar, in ban da watan azumi da ake mayar da shi baya da awa ɗaya, kuma wayoyin hannu sukan rikice a irin waɗannan ranaku su nuna abin da ba shi ba. Agogon bangon filin jirgi shi ne alƙali, da shi ake saita na hannu tun da safe. Wajen komawa kuma ba a dogara ga jirgin ƙasa na ƙarshe da zai isar da mutum a kan kari. Na gabansa ake hawa, domin in ya kuɓuce akwai sauran dama. Daga ƙarfe biyar na yamma titunan Kazablanka sukan cushe, taksin da ya yi minti goma da hantsi sai ya yi arba'in, don haka wanda jirginsa ke tashi ƙarfe tara na dare ya kamata ƙarfe biyar ta same shi a kan dandamalin tasha, da tikitin komawa da ya saya tun da safe, da ɗan sauran dirhamin da zai biya babbar taksi har filin jirgi in jirgin ƙasan ya yi latti.